Fatent ɗin kibod, maus da wayoyin ECG: me za a iya kwaikwaya a gida?

Ɗan Zango: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya biyu gare ni, amma tushensu ɗaya. Ana ta maganar a riƙa haɗa ƙananan kaya a gida maimakon jiran kwantena. Na farko kibod mai ɓ, ɗ da ƙ a rubuce a kan madannai. Na biyu wayoyin da ke tashi daga ƙirjin majiyyaci zuwa na'urar ECG mai auna bugun zuciya, musamman ɗan kan nan da ke kama maɓallin ilektrod, wato abin da ake mannawa a fatar ƙirji, tunda shi ke fara lalacewa. To kusan duk wanda ka juya bayansa sai ka ga lambar fatent, wato takardar mallakar ƙirƙira. Wanda ya kwance ɗaya, ya auna, ya ƙera irinsa, ya taka doka? Ina iyakar take?

Barista Mai Shayi: Wa alaikumus salam ƙanena. Lambar da ka gani a bayan kaya ba ta ce maka komai ba tukuna, sai ka yi mata tambaya uku: ta wace ƙasa ce, ta wace shekara ce, kuma me aka rubuta a sashen da'awa. Fatent na Amurka a Amurka kaɗai yake da haƙori. Idan mai shi bai yi rajista a Najeriya ba, ba shi da abin da zai kai Babbar Kotun Tarayya a kan wanda ya ƙera a Kano ya sayar a Kano. Shekaru kuma 20 ne daga ranar shigar da takarda, haka dokarmu ta 1970 ta ce, haka yawancin ƙasashe suke yi, kuma wanda ya daina biyan kuɗin sabuntawa nasa yana mutuwa tun kafin lokacin. Sashen da'awa shi ne jimlolin nan masu lamba a ƙarshen takardar. Su ne katangar gonar. Zane-zane da dogon bayanin da ke gabansu duk kwatance ne kawai. Ka ɗauki da'awa ta ɗaya, ka tsinka ta gaɓa-gaɓa. In kayanka ya rasa gaɓa guda daga ciki, a ƙa'ida ba ka shiga gonar ba.

Baba Mai Kwamfuta: Barista ya faɗi gaskiya, kuma maus kansa shi ne misalin da ya fi fito da abin. Douglas Engelbart na cibiyar bincike ta SRI a Kalifoniya ya shigar da takarda a 1967, aka ba shi fatent mai lamba 3,541,541 ranar 17 ga Nuwamba 1970. Kalmar maus ba ta cikin sunan ƙirƙirar, an kira shi abin nuna matsayi na X da Y a kan allo. Abin da ke ciki shi ne ƙafafu biyu na ƙarfe a ƙarƙashin akwati, ɗaya tana kallon gaba, ɗaya tana kallon gefe. Ka tura gaba, ɗaya ta juya ɗaya ta ja ciki a kan tebur. Ka tura gefe, su yi musanya. Na farkon ma da katako Bill English ya sassaƙa shi. A lokacin dokar Amurka shekara 17 take bayarwa daga ranar da aka ba da fatent, don haka ya ƙare a 1987, shekara uku kacal bayan fitowar kwamfutar Macintosh ta Apple. Haƙƙin ma na SRI ne, ba nasa ba, kuma shi da bakinsa ya ce kusan dala 40,000 Apple ta biya lasisi. Maus ɗin da ke hannunka yanzu babu ƙafa babu ƙwallo. Fitila ce ke haska tebur a karkace, 'yar kyamara tana ɗaukar hoton fuskar teburin fiye da sau dubu a daƙiƙa, tana gwada kowane hoto da na bayansa don ta san ina aka matsa. Shi ya sa yake ruɗewa a kan gilashi, babu tabon da zai bi. Aiki ɗaya ne, hanya daban, fatent daban.

Ɗan Zango: Wato Baba, ba a mallakar dabarar "abin da ke motsa kibiya a allo", sai dai hanyar da aka bi?

Baba Mai Kwamfuta: Haka ne ɗana. Kuma a kan kibod ɗinka, kwantar da hankalinka. Jerin QWERTY tun zamanin tafireta ne, yana cikin takardar Christopher Sholes ta 1878. Sifirin mai lanƙwashewa na IBM, wanda ke sa tsohon kibod ɗin Model M ƙara kamar ana fasa gyaɗa, fatent ɗinsa na 1978 ne, lamba 4,118,611. Makunnin Cherry MX mai kai kamar alamar tarawa na 1984 ne. Duk sun mutu, shi ya sa kamfanonin Gateron da Kailh suke buga irin makunnin Cherry a Sin, kuma hular madannin wannan tana hawa kan wancan. Ma'aunan ma a fili suke: tsakanin tsakiyar madanni da na kusa da shi milimita 19.05, ramin farantin da makunni ke zama murabba'i ne na milimita 14, madannin yana nutsewa milimita 4 amma yana kamawa a wajen milimita 2.

Abin da zai ba ka wahala ba kotu ba ce, wayoyin ciki ne. Ba a ja wa kowane madanni wayarsa, ana shirya su layi-layi, na kwance da na tsaye, kwakwalwar kibod ɗin tana bin layukan ɗaya bayan ɗaya tana duba inda aka haɗu. Idan an danna uku da suka zauna a kusurwa uku na murabba'i ɗaya, wuta tana zagayawa ta baya, sai na huɗun ya bayyana kamar an danna shi alhali ba a taɓa shi ba. Maganinsa dayod guda, ɗan abin da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, a kowane makunni, 1N4148 ya wadatar, kuma duk su kalli gefe ɗaya. Na biyu, ƙarfen makunni ba ya haɗuwa tsaf, yana ɗan karkarwa kafin ya zauna. In manhajar ba ta jira kamar milisakan 5 ba, ka danna k sau ɗaya ka ga kkk.

Malama Mai Rubutu: Baba, a yi mini uzuri in sa baki. Ni ina ganin ana neman ƙera abin da ba a buƙatar ƙerawa. Kibod ba ya aika harafi. Lambar gurbi yake aikawa ta USB: gurbin b lamba 5 ne, na d lamba 7, na k lamba 14. Kwamfuta ce ke duba tsarin harshen da aka zaɓa ta mayar da lambar harafi. Ɓ, ɗ, ƙ da ƴ duk suna da gurbinsu a Unicode. Windows na da tsarin Hausa, Linux ma na da shi har iri biyu, na Najeriya da na Gana, ga kuma manhajar Keyman ga mai son tsara nasa. Abin da ya rage shi ne a buga haruffan a kan hulunan madannai yadda ba za su goge ba. Sitika tana ɓarewa cikin 'yan watanni saboda gumin yatsa. Zanen laza ko rinin da ake dasawa cikin roba da zafi shi ne mai ɗorewa, kuma rinin ya fi kama robar PBT, ita ABS tana lanƙwashewa a wannan zafin.

Barista Mai Shayi: Malama ta kawo mu inda ake taka tsantsan, don a nan ne aka taɓa zuwa kotu a ƙasar nan. A 2007 kamfanin Lancor, mai kibod ɗin Konyin da aka yi don harsunan Najeriya, ya kai ƙungiyar One Laptop per Child ƙara a Babbar Kotun Tarayya a Legas, yana cewa an kwaikwayi tsarinsa a ƙananan kwamfutocin yara. Konyin yana da ƙarin madannan sauya harafi don fitar da haruffa masu lanƙwasa da masu ɗigo. Abin lura shi ne rajistar zane suka dogara da ita. Rajistar zane daban take da fatent: siffa da kamanni take karewa, shekara 5 ce, ana sabunta ta sau biyu, jimla 15. Saboda haka kada ka ɗauki jerin madannan wani yadda yake ka buga, kuma kada ka sa tambarin wani kamfani, don shi tambari ba ya tsufa muddin ana sabunta shi.

Ɗan Damagaram: Barista, a ƙara wa 'yan wannan gefen bayani. Mu a Nijar ba a yin rajistar a Yamai ita kaɗai. Takarda guda ake shigarwa ta ƙungiyar rajistar ƙirƙira ta OAPI mai hedikwata a Yawunde, ta rufe ƙasashe 17, har da Nijar, Kamaru da Chadi. Gana da Sudan kuma suna ARIPO ta Harare. Najeriya ba ta cikin ko ɗaya. To kayan da ba shi da mai shi a Kano yana iya zama da mai shi da zarar ya tsallaka Maraɗi. Mai niyyar sayarwa a ƙetare ya duba can ma.

Injiniya Mai Mita: Na bari ku gama da kibod ne don shi in ya lalace harafi kawai za a rasa. Wayar ECG wani zance ne, kuma ina jin tsoron yadda aka haɗa su a tambaya ɗaya. A nan fatent shi ne ƙaramin abin damuwa.

Bari mu fara daga fata. Ilektrod ɗin da ake mannawa a yar yana da soso ko ƙyalle mai gam, a tsakiya akwai ɗan faifan roba da aka shafe da azurfa da gishirin azurfa, wato Ag/AgCl, sai jel mai gishiri tsakaninsa da fata, sai kan maɓalli a sama, kamar maɓallin matsawa na rigar jarirai, faɗinsa wajen milimita 4. Siginar zuciya da ake nema kusan milibolt 1 ce. Kowane ƙarfe da ya taɓa ruwan gishiri yana haifar da ɗan ƙarfin wuta nasa, kamar ƙaramin batir. An zaɓi azurfa da gishirinta ne don nata ƙarami ne kuma ba ya yawo, sannan yana farfaɗowa da wuri bayan an buga wa majiyyaci wutar farfaɗo da zuciya. Ƙa'idar EC12 ta Amurka ta ce in ka manna ilektrod biyu jel da jel, bambancin wutar da ke tsakaninsu kada ya wuce milibolt 100, tsaurin hanyar kuma a kan hez 10 kada matsakaicinsa ya wuce ohm 2,000. In jel ya tsallako ya taɓa kan wayar da aka yi da tagulla, ko aka gauraya ilektrod na kamfani biyu a ƙirji ɗaya, layin yana ta hawa da sauka kamar jirgin ruwa, wani lokaci monita ta ce waya ta cire alhali tana nan.

Shi kan wayar mai matsawa ba wani sirri a cikinsa: rami ne, da sifirin na waya a ciki da ke buɗewa ya rungume wuyan maɓallin. Wannan tsohon abu ne, kowa na yi. Inda fatent suka taru shi ne a kan gyara aibinsa. Sai an danna da ƙarfi yake shiga, kuma ƙirjin mutum ake dannawa. Shi ya sa aka yi ta ƙirƙiro masu kama da hantsaki da ake matsa gefe biyu su buɗe baki, masu ɗan hannu da ake turawa ya kulle, masu ramin da ke da faɗi a gefe ɗaya ya tsuke a ɗayan, da waɗanda aka yi da kabon don kada su fito a hoton ƙirji. Irin waɗannan ne za ka tarar da sababbin lambobi a kansu.

Sista Maman Ikram: Injiniya, Allah ya saka. Wannan dannawar ba ƙaramin abu ba ce ga tsoho mai ƙashin haƙarƙari a waje ko wanda aka yi wa aiki a ƙirji. Ƙa'idar aiki ita ce in mai matsawa ne, a haɗa waya da ilektrod tukuna a hannu, sannan a ɓare takardar a manna. In aka manna kafin a danna, jel yana fantsama ƙarƙashin gam, gefen ya ɗaga, bayan awa biyu ƙararrawa ta dami kowa. A danna gefen ilektrod da yatsa a zagaye, ban da tsakiya. Gashi a aske shi, fata a wanke a bushe, a ɗan goge da busasshen gozi don a cire mataccen saman fata. Sifirit yana busar da fata ya ƙara mata tsauri, in an sa shi a jira ya bushe sarai. Kuma jakar ilektrod in an buɗe a naɗe bakinta, don zafin watan Afrilu da iskar hunturu duk suna shanye jel. Busasshen ilektrod ya fi lalatacciyar waya yawa a cikin abin da ake kira wa injiniya.

Mai son ƙerawa kuma ya san launi iri biyu ne a duniya, kuma asibitocinmu suna da na'urorin Amurka da na Turai a ɗaki ɗaya. A tsarin Amurka hannun dama fari, hannun hagu baƙi, ƙafar hagu ja, ƙafar dama kore. A tsarin Turai hannun dama ja, hannun hagu rawaya, ƙafar hagu kore, ƙafar dama baƙi. Kun ga ja yana nan a duka biyun amma wurinsa daban. In aka juya na hannaye biyu, layin farko yana fitowa a kife, likita ya fara tunanin abin da babu shi. Don Allah a buga haruffan a jikin kan wayar, RA da LA ko R da L, kada a dogara da launi kaɗai.

Ɗan Zango: To Injiniya, in na guje wa sababbin masu hantsaki na tsaya a kan mai matsawa na gargajiya, ɗaya ƙarshen kuma in sa fil na ƙarfe da zai shiga akwatin da wayoyi ke haɗuwa, shi ke nan?

Injiniya Mai Mita: A'a! Nan ne ma wurin da ya fi haɗari. Da can haka ake yi, fil tsirara na milimita 2 a ƙarshen waya. Wannan fil ɗin yana shiga ramin igiyar wutar lantarki da aka zare daga bayan na'ura aka bar ɗaya kan a soket. A Amurka an samu jarirai da yara da wuta ta kashe ko ta ƙona ta haka, ilektrod na manne a ƙirjinsu, wani ya soka fil a inda ba nan ba. Shi ya sa hukumar FDA mai kula da magunguna da kayan asibiti a Amurka ta fitar da doka a 1997 da ta hana wayar majiyyaci mai fil tsirara, ƙa'idar IEC 60601-1 ma ta hana. Abin da ake amfani da shi yanzu shi ne DIN 42802: ƙarfen yana can cikin bututun roba, na milimita 1.5, yatsa ba ya kai gare shi, ba ya taɓa tebur in an ajiye, ba ya shiga soket. Wannan ƙa'ida ce a buɗe, an yi ta ne don kowa ya bi.

Sai babbar igiyar da ke zuwa na'ura. Da yawa akwai rizisto a ɓoye cikin akwatin da wayoyi ke haɗuwa, wasu ohm 1,000 a kowane layi, wasu 10,000, ya danganta da na'urar. Aikinsa ya tare wutar farfaɗo da zuciya, wadda ke kai dubban bolt, kada ta ƙona na'urar kuma kada ta sace wutar da aka nufa da zuciya. Wanda ya sa mita ya ga ohm 1,000 ya ce waya ta lalace, ya yanke ya haɗa kai tsaye, ya cire kariya ne bai sani ba. Na'urar za ta yi aiki lafiya lau har ranar da aka buƙaci kariyar. Haka kuma fulogi biyu suna iya zama iri ɗaya a ido, fil shida ko sha biyu, amma jerin layukan ciki daban.

Ita wayar kanta ba irin ta rediyo ba ce. Tana da ragar kariya a zagaye don kada ta kwaso gurnanin hez 50 na wutar gari, mai kyau kuma tana da siririn shafe na kabon tsakanin roba da raga don motsin wayar kada ya haifar da nasa siginar. Inda take karyewa kullum wuri ɗaya ne, daidai wuyan da ta shiga kan, saboda ana jan waya maimakon a kama kan. Gwajinsa: mita a ƙarshe biyu, a lanƙwasa wuyan hagu da dama a hankali, in lamba ta yi tsalle a jefar. Bayan mita sai na'urar kwaikwayon bugun zuciya, a ga milibolt 1 ya ba da milimita 10 a takarda. Ba a gwada sabuwar waya a jikin mutum.

Baba Mai Kwamfuta: Abin ya tuna mini da PS/2 na IBM, na 1987. Ramin kibod da na maus iri ɗaya sak, fil shida, sai daga baya aka shafa musu shunayya da kore don mutane su daina juyawa. Can in ka juya kwamfuta ce kawai ba za ta ga maus ba.

Ɗan Damagaram: Ni dai har yanzu ina ganin tsoron ya yi yawa. Waɗanda ake shigo da su masu arha, wa ya gwada su? In na gida zai yi ko da daidai da su ne, ai gara kuɗin ya tsaya a gida.

Injiniya Mai Mita: Ban ce kada a yi ba, ɗan'uwa. Na ce a san abin da ake aunawa. Masu arhar nan aibinsu sananne ne: sifirin na ƙarfe mai tsatsa da ke saki bayan 'yan makonni, shafen nikel da ke ɓarewa in ana goge shi da ruwan bilic, robar da ke tsagewa, wasu ma babu raga sam. Mai ƙerawa a gida zai iya fin su in ya sa sifirin na ƙarfen da ba ya tsatsa, ya matse waya da ƙarfe maimakon ya dogara da dalma kaɗai, don dalma tana sandarar da waya ta karye a bakin haɗin, sannan ya zuba robar wuya mai tsawo da ke sirancewa a hankali. Amma kayan asibiti ne, sai da rajistar NAFDAC kafin a sayar, kuma sai an kai shi inda za a gwada ƙarfin rufin robar da wuta mai yawa.

Barista Mai Shayi: Ƙarin abu ɗaya ga Ɗan Zango, in a cikin aikin ka gano sabuwar hanyar kama maɓalli da ba a taɓa yi ba. Kada ka sa hotonta a Facebook ko a nan zauren kafin ka shigar da takarda, don da zarar ta bayyana ga jama'a ta daina zama sabuwa a idon doka, ko da kai ne ka bayyana ta. Bayan shigarwa kana da wata 12 ka nemi wasu ƙasashe da ranar farko, ko ka bi ta yarjejeniyar fatent ta duniya, wato PCT, ka samu wata 30. Hukumar NOTAP a Abuja tana taimaka wa masu ƙirƙira da shigar da takardu. Ka kuma sani ofishin rajistarmu cikar takardu yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne, don haka takardar da aka ba ka kotu na iya soke ta in wani ya kawo tsohuwar da ta riga ta. Binciken naka ne. Google Patents da Espacenet kyauta suke. Ka nemi rukunin A61B 5/274 don mahaɗin waya da maɓallin ilektrod, G06F 3/02 don kibod, G06F 3/033 don maus da danginsa.

Ɗan Zango: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Injiniya, ramin kan wayar, milimita nawa zan bar wa sifirin ya buɗe?

Injiniya Mai Mita: Kada ka ɗauki lamba daga bakina. Sayi ilektrod na kamfani huɗu ko biyar da ake samu a kasuwarku, ka auna kan maɓallin da wuyansa da kalifa, wato ma'aunin kauri, don ba daidai suke ba, na kabon ma ya fi na ƙarfe saurin gogewa. Ka yi sifirin da zai kama mafi siriri ba tare da ya yi wa mafi kauri tsauri ba, ka sa ka cire sau ɗari biyar, sannan ka sake auna ƙarfin da ake buƙata kafin ya fita. Turo lambobin nan in ka gama mu duba.